Dutsen da ke tare ƙofar gareji

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Anti Rabi da yara. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Mu nan Wudil lafiya, sai dai jiya Allah ne ya kiyaye.

Tun da tsatsa ta cinye ƙarfen da ke tare ƙofar garejinka mai turawa, dutse muke sawa a wurin. Ranar sunan 'yar ƙaninmu Habu, masu girki suka rasa cikon murhu, suka ɗauke dutsen. Ba wanda ya lura.

Jiya Habu ya tura ƙofar zai fito da mota, ta zarce, ta sauka daga kan layinta, ta kife a kan tabarmar Inna. Yaya, tashin Inna ke nan daga kanta ta tafi alwalar la'asar. Kwanon furarta ya baje kamar faifai.

Sau uku ina cewa a kira mai walda, kana cewa sai ka zo. Na kira shi, gobe zai gyara.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. Inna ta ce a mayar mata da tabarmarta wurin. Na ɓoye ta.

Ƙanwarka,
Hadiza