Ina Batirin Da Na Yi Wa Gicciye?

Zuwa ga Shugaban masu gyaran kwamfuta na Sabon Gari, Zariya.

Ranka ya daɗe, idan ka kai akuya mai tsagaggen kunne kiwo, da yamma aka dawo maka da mai lafiyayyen kunne, akuyarka ce?

Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, da iyali, da aiki. Sunana Ishaya. Wata huɗu ke nan da na zo Samaru daga ƙauye, ina zaune wurin yayata Rahila da mijinta. A aji huɗu na firamare na tsaya, don haka a yi haƙuri da rubutuna. Sau biyu na zo ofishinku aka ce ba ka nan, shi ya sa zan liƙa wannan takarda a ƙofa, duk mai wucewa ya karanta.

Na ɗaya. Yaya Rahila malamar makaranta ce, tana ƙara karatu. Tana da laftof da take buga aikinta na kammala karatu a ciki da yamma in ta dawo. Ni ke goge ta, ni ke sa ta caji, ita kuma tana koya mini buga rubutu. Ka san wutar Samaru, sai ta ga dama take zuwa. Lokacin da na zo, in an ɗauke wuta batirin yana riƙewa har a dafa wake ya nuna. Daga baya ya koma iya dahuwar shinkafa.

Na biyu, kuma nan ne laifina, ba zan ɓoye ba. A gida in batirin rediyon Baba ya yi sanyi, a kan kwanon rufi muke shanya shi, rana ta ba shi ƙarfi. Kowa a garinmu haka yake yi. Sai na cire na laftof na ɗora a kan rufin kicin, kwana biyu, ban gaya wa kowa ba, don ina so Yaya ta ga abin mamaki. Bai ƙaru ba. Amma ranka ya daɗe, bai ragu ba. Na gwada da tukunya, shinkafa ta dahu yana nan da ransa.

Na uku. Wata ɗaliba maƙwabciyarmu ta ce akwai wani a layinku da kowa ke kira Injiniya, yana farfaɗo da batir. Ranar Litinin Yaya ta aike ni. Kafin in hau bas, na ɗauki ƙusa na yi ƙaramin gicciye a ƙarƙashin batirin, a gefen da yake shiga ciki. Haka Baba yake yi wa fartanyarsa kafin ya kai maƙera, haka Mama take ɗaura ƙyalle a buhu in za a kai niƙa. Ba don na zargi kowa ba ne, al'ada ce kawai.

Injiniya ya karɓa, bai ba ni takarda ba. Ya ce zai sa shi a firiza ya kwana uku. Na tambaye shi ko hakan ba zai lalata shi ba, sai ya yi dariya, ya faɗi wata magana da Turancin kasuwa wadda ban ji ba, na kusa da shi ma suka yi dariya. A nan ne na gaya masa zancen rana, don na ɗauka likita ake gaya wa gaskiya.

Na huɗu. Ranar Alhamis na koma ya miƙo mini batir a baƙar leda. Da muka sa, aka ɗauke wuta, ko ruwan shayi bai tafasa ba laftof ta mutu, da shafi uku da Yaya ba ta riga ta adana ba. Na juya batirin. Babu gicciye. Na kai shi bakin taga, na shafa da yatsa, sumul.

Na koma washegari. Injiniya ya ce shi ne nawa, wai ranar da na shanya shi ce ta kashe shi. Na ce ina alamata, ya ce sanyi ya goge. Ranka ya daɗe, kai ne masani. Sanyi yana goge zanen ƙusa? In rana ce ta kashe shi, me ya sa bai mutu ba sai da ya kwana a shagonsa? Kuma me ya sa da na leƙa kwalin batura da ke ƙarƙashin teburinsa ya tura shi da ƙafa?

Ya ba ni shawarwari da yawa: in rage hasken fuskar laftof, kada in bari caji ya ƙare ƙaf, kada in ɗora ta a kan katifa, kada zafi ya taɓa batir. Duk ina bi yanzu, wataƙila ma gaskiya ne. Amma bai faɗe su ba sai bayan da na tambayi gicciyena.

Abin da ya sa na damu shi ne, mijin Yaya ya kira Injiniya a waya, shi kuma ya gaya masa zancen kwano. Yanzu ya ce ranar Asabar mai zuwa zai kai ni tasha in koma ƙauye, tunda ba a iya barina da kaya. Yaya kuma ta daina kirana in zauna kusa in tana bugawa.

Roƙona ɗaya ne. Kafin Asabar ka je shagon nan da kanka, ka sa a fito da kwalin, a juya batura ɗaya bayan ɗaya. In babu mai gicciye, kuma kai ka ce rana ce, na yarda, zan ɗaure kayana. In kuwa yana nan, ba na neman a hukunta kowa. A ba ni shi in kai wa mijin Yaya ya gani da idonsa.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsare ka da iyalinka, ya ba ka idon ganin gaskiya.

Zan tsaya nan. Na ji yara suna ihu an kawo wuta, dole in tafi in jona laftof kafin a ɗauke, tunda har Asabar aikina ne.

Wassalam.

Ishaya, ƙanen Malama Rahila, Samaru.