Tekun Ajuji

Zuwa ga kakana, Malam Ajuji na Kebbe.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da durƙuso har ƙasa, ina fatan wannan ta same ka cikin yalwar kabari da haskensa. Mutanen gida kowa lafiya. Damina ta yi albarka, gero ya fid da kai. Ɗanka Baba yana nan da ransa. Idanunsa sun yi rauni ƙwarai, amma kunnensa ya ƙara kaifi, musamman in ana maganar da ba a so ya ji.

Albishirinka, Kaka. Tun shekaranjiya nake yawo da wannan labari a baki kamar garwashi. Sai dai a fili nake rubuta maka, kuma yawancin masu karantawa ba su san ka ba, don haka ka yi haƙuri in fara da abin da ka fi ni sani.

An haife ka a Tambuwal tun Turawa ba su shigo Sakkwato ba. Ka ce kana tuna ranar da mahaifinku ya ɗaura sirdi ya amsa kiran Sarkin Musulmi, ya dawo a ƙasa ba doki, bai ƙara tada zancen ba har ya koma ga Allah. Kafin gemunka ya fito, Turawan nan da ya je tarewa suka aiko wa hakimi ya ba su samari, wai suna da yaƙi da 'yan uwansu Jamusawa. Daga gidanku aka ɗauki biyu, kai da wanka Sanda.

Tsakaninka da Sanda 'ya'ya sun yi ta zuwa suna komawa. Shi ya sa da aka haife ka aka kai ka juji aka ajiye, a nuna wa mutuwa ba a damu da kai ba, sa'an nan wanzami ya yanke ɗan saman kunnenka na hagu, don in ka koma ka sake dawowa a gane ka. Ina ƙarama nakan ja kunnen nan, kai kuma ka ce, "Amarya, bar shi, shi kaɗai ya rage min na ado."

Kai ka faɗa mini abin da mahaifiyarku ta ce ranar tafiya. "In anka ce ɗaya shi tahi nesa, kai Ajuji ka tahi. Mutuwa ta gan ka ta ƙi ka tun kana juji. Sanda ko ba ta taɓa ganinai ba." Na yi karatu har jami'a, ban ci karo da hujjar da ta fi wannan tsari ba.

A Ikko, wato Legas, aka kira sunayen masu shiga jirgin ruwa. Sunan Sanda ya fito, naka yana cikin masu zama gadin sito. Kuka koma bayan rumfa kuka yi musanyar lambar wuya. Da aka kira Sanda, kai ka amsa. Baturen da ya san adadin alfadaransa da ka bai iya raba fuskokinku ba.

Da yaƙi ya ƙare, lambar girma ta zo da sunan Sanda. Aka tara jama'a a ƙofar hakimi aka rataya masa, kana tsaye bayansa riƙe da takalmansa. Daga baya ka tattara ka koma Kebbe da 'yan shanunka da gonarka, ka kulle bakinka. Sai bayan Sanda ya rasu ka fara ba mu labari, mu jikoki, a gindin ɗorawar nan ta bayan gida. Jikoki kuwa ba su da marfi.

Haka garin ya ji cewa Ajuji ya hau ruwan da ba shi da gaɓa, ya ga kifi ya fi rumbu girma, ya sauka ƙasar da ake fuskantar arewa in za a yi salla. Wannan na ƙarshen shi ya kashe ka. Malamai suka yi murmushi, 'yan kasuwa suka yi dariya, aka ce tsoho ya gaji labarin wansa ya ƙara masa gishiri. Har yau a unguwarmu in yaro ya shirga ƙarya, sai a ce, "Wanga kam tekun Ajuji ne." Akwai masu faɗin haka da ba su san Ajuji mutum ne ba.

Ni dai na yarda da kai tun farko, kuma dalilina ba na ƙauna ba ne. Na lura maƙaryaci ba ya ba da labarin da shi ne mai amai a cikinsa daga farko har ƙarshe. Kai kuwa ba ka taɓa harbin kowa a labarinka ba. Ka yi amai a jirgi, ka yi zawo a daji, ka ɗauki akwatin harsashi har gashin tsakar kanka ya zube. Da na girma na buɗe taswira na ɗora yatsa a gabashin Afirka, na ja shi zuwa Makka, sai ya miƙe arewa sak. Na zauna ina dariya ni kaɗai a ɗakin karatu, har aka zo aka ce in yi shiru.

Baba ne abin ya ci. Shekara da shekaru yana zaune a majalisa ana jefa sunanka a gabansa, yana yi kamar bai ji ba. Taubasansa ba su taɓa raga masa ba. In ya ce gonarsa ta yi dami kaza, sai wani ya ce, "Da na teku ko ban da?" Bara da ciwo ya kwantar da shi ya kira ni ya ce, "Ke da kinka yi boko, in dai Turawan ga na da gaskiya a rubuce, nemo min ita tun ina ji. Ban son in iske tsohona ban wanke shi ba."

To, na nemo, Kaka. Akwai wani ofishi can ƙasar Turawa da ke riƙe da takardun tsofaffin sojoji. Mutane ne masu ladabi ƙwarai. Ba su taɓa hana ni komai ba sai sun fara ba ni haƙuri. Amsarsu ta farko ta ce kai soja ne, ba shakka, amma duk aikinka a gida ka yi shi, ba ka taɓa taka jirgi ba. Wato dai abin da 'yan kasuwar Kebbe suke faɗa, sai dai da hatimi.

Sai na roƙi takardunku duka biyu, naka da na Sanda. Turawan da, Allah ya sani, ba su iya kallon fuska ba amma sun iya rubuta ta. Ranar ɗaukarku an rubuta tsagen kowa. Na Sanda a kumatu, kunnuwa lafiya lau. Naka a kumatu, kunnen hagu a yanke. Can cikin takardun Sanda kuma ga wata ta asibitin soja a gabashin Afirka, likita ya duba majinyaci mai zawo, ya rubuta sunansa Sanda, ya rubuta kunnensa na hagu a yanke. Na karanta na tashi tsaye na sake zama. Na rubuta musu cewa ko dai kunnen Sanda ya gutsure a teku ya sake tohowa a hanyar dawowa, ko kuwa ƙaninsa ne a gadon nan.

Suka amsa cewa magana ta yi kama da gaskiya. Amma ba sa cire aiki daga sunan mutum su mai da wa wani sai magadansa sun yi rantsuwa sun yarda. Magajin Sanda da ya rage kuwa mutum ɗaya ne, Gwaggo Dije ta Tambuwal, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ta ajiye lambar ubanta a cikin kwalla, take fito da ita duk salla jikoki su taɓa. Ita zan je in ce wa ubanta bai je ko'ina ba.

Na hau kabu-kabu daga Kebbe, hanya tana jijjiga mini hanji, ina ta jera kalmomi a raina. Na same ta tana tsince wake a faifai. Na gaishe ta, na baza takardu a tabarma, na fara daga nesa kamar mai neman aure. Ta bar ni na kai ƙarshe, ba ta ɗaga kai ba. Sa'an nan ta ce, "Duk wahalar ga don kunne kinka sha ta? Awo, Baba Ajuji ne ya tahi. Tsohona ko kwalekwale bai shiga. In za mu Kebbe da damina, kewaye mukai."

Na tambaye ta me ya hana a faɗa. Ta dube ni yadda ake duban wanda ya shiga masallaci da takalmi. "Shina raye, ƙane bai shiga gaban wa. Ya mutu, ba a tonon mamaci. Ke gaya min, wace rana kinka so a faɗi?" Na nemi ranar a kaina, Kaka, ban same ta ba. Ashe manyan gidajen biyu duk sun sani, kowa yana jin kunyar kowa, kunya ta yi ta renon ƙarya har ta zama karin magana.

Ba ta yarda nan take ba. Ta ce jika ba ta aiken gwaggo. In Baba yana so, shi ne ƙaninta, ya buɗe baki ya roƙa. Na buga masa waya na kanga mata a kunne. Suka yi gaisuwa mai tsawo, suka tambayi shanu da jikoki da ciwon gwiwa, ba wanda ya ambaci teku. Can Baba ya ce, "Yaya, a taimaka." Ta ce, "An taimaka." Washegari ta sa mayafinta na zuwa biki muka je kotu, ta rantse, ta dangwala yatsa, ta goge shi a gefen zanena.

Shekaranjiya amsa ta iso. An gyara, Kaka. A gaban sunanka, Ajuji, inda da aka rubuta gida, yanzu an rubuta gabashin Afirka. Sun kuma ba da haƙuri, kamar yadda suka saba, amma wannan karon na karɓa.

Baba ya ce a fitar da shi dakalin ƙofar gida bayan la'asar, lokacin da majalisa ta cika. Ya sa babbar riga. Ya ce in karanta da Turanci tukuna, ko da ba mai ji, "don su ji nauyinta." Na karanta, na kuma fassara. Sai babban taubashinsa, wanda ya fi kowa cin naman sunanka, ya gyara hula ya ce, "To. Ashe tekun Ajuji akwai ruwa." Baba ya miƙo hannu na ba shi takardar, ya riƙe ta a juye, ya daɗe yana shafa ta da babban yatsa. Da aka kira magariba ya ƙi a kama shi, ya tashi da kansa.

Saura lambar. Ni a lissafina na 'yar boko, tunda aiki ya dawo Kebbe, ita ma ta biyo shi. Jiya na kira Gwaggo Dije na faɗa mata haka cikin ladabi. Ta ce, "Takarda taku ce, ku riƙe. Amma abin da ƙane ya samo, gidan wanshi aka aje shi." Na kai ƙara wurin Baba ina tsammanin zai tsaya mini. Ya ce, "Gaskiyarta. Wa ya aike ki?" Har ya sa na sake kiranta na ba ta haƙuri.

Don haka ga yadda aka kwana, Kaka. Duniya ta yarda kai ka je, lambar kuma tana Tambuwal cikin kwalla. Na yi niyyar jin haushi, sai na gane da kana nan kai ma bayansu za ka bi, ku uku ku taru a kaina.

Allah ya jiƙanka, ya jiƙan wanka Sanda, wanda ya ɗauki yabon da bai nema ba ya rasa inda zai sauke shi. Allah ya jiƙan mahaifiyarku da ta aika biyu ta karɓi biyu. Allah ya gafarta wa waɗanda suka yi dariya, ba su sani ba. Ya ƙara wa Baba lafiya da kwana, ya sada ku a Aljanna ba nauyin komai a tsakaninku. Amin.

Jikarka,
Balkisu