Tayil ɗin Fasassun Kwalabe

Litinin, 3 ga Yuli

An ɗauke ni aikin bincike na hutu, mu biyu 'yan aji biyu, a ɗakin gwajin Dokta, malamarmu a jami'a. Za mu niƙa fasassun kwalabe, mu kwaɓa da yumɓu, mu gasa, ko a samu tayil mai araha. Ƙarshen wata kowa zai yi wa mutanen gari bayanin aikinsa, sannan Dokta ta riƙe mutum ɗaya. Da na ji "bayani" sai da na danne dariya. Ni da na tashi a rumfar tangaran ta Gwaggo, na taɓa sayar wa tuzuru setin kwanukan amarya. Gurbin nan nawa ne.

Alhamis, 6 ga Yuli

Abokin aikin nawa na raɗa masa Malam Shiru. Gaisuwa ma sai an ciro ta da ƙugiya. Amma hannu gare shi. Nasa tayil sumul, nawa kamar akuya ta bi ta kai. Zaman jiran tanderu ke kashe ni.

Talata, 11 ga Yuli

Matar da ke koya mana magana gaban jama'a ta ce kowa ya faɗi aikinsa kamar kakarsa yake wa bayani. Malam Shiru ya yi ta zuba lambobi yana kallon takalminsa. Ni kuwa na ɗaga tayil, na ƙwanƙwasa da zobe, na ce, "Hajiya, ji ƙara. Wannan har jikoki." Aka ɗau tafi. Ban da Dokta. A bakin ƙofa ta ce min, "Jikokin wa kika gwada?"

Laraba, 12 ga Yuli

Maganar nan ta tsaya min a wuya.

Alhamis, 20 ga Yuli

Mun danne tayil ɗinmu a inji har suka fashe. Ƙarfi dai akwai. Na leƙa ɓallin ta madubin ƙara girma, sai ga ramuka birjik, kamar soso. Tun ina ƙarama nake share fasasshen tangaran, ban taɓa ganin cikinsa ba. Na manta da abincin rana. Na ce, to ruwa fa? Malam Shiru ya ce, "Ba mu jiƙa ba." Wai gwajin na cin makonni, ba zai kammala kafin bayani ba. Wa ma zai tambaya.

Juma'a, 28 ga Yuli

An tambaya.

Zaure ya cika, Gwaggo a layin gaba da sabon mayafi. Ina juya jama'ar yadda nake so, har wata mata ta ɗaga hannu: "'Yata, zan iya shimfiɗa shi a banɗakina?" A rumfa ba a ce wa mai saye ban sani ba, ko me ya tambaya sai ka samo masa amsa. Amsar ma tana kan harshena, mai daɗi. Sai ramukan nan suka faɗo min. Na ji bakina yana cewa, "Mama, ban sani ba tukuna. Ba mu gwada shi da ruwa ba." Daga nan zaren ya kuɓuce, na ƙarasa ina kame-kame.

A hanya Gwaggo ta ce, "Wannan bokon korar mai saye yake koya muku?"

Litinin, 31 ga Yuli

Dokta ta riƙe Malam Shiru. Ya cancanta, ko da yake ɗaga hannu wajen bayani da na koya masa shi ya taimake shi. Ni ta ce in sake nema baɗi. To. Dama kujerunsu ciwon baya.

Asabar, 5 ga Agusta

Na koma rumfa. Malam Shiru ya kawo min tayil ɗin da aka ware za a zubar. Suna cikin baho a bayan kantar rumfa, cikin ruwa. Kullum da safe nakan tsame, in goge, in ɗora a sikelin maƙwabcinmu mai ƙusa. Nauyi na ƙaruwa kaɗan-kaɗan, masu yawan kwalba ba kamar sauran ba. Me ya sa? Gwaggo ta ce in dai tsiro nake jira, in ƙara taki.

Ba wai neman komawa nake ba. Matar nan ce dai ta bar min lambarta, kuma banɗakinta na jira.