Kwalaben Lakar da Aka Zubar

Zuwa ga Dakta Hadiza, Shugabar Ɗakin Binciken Halittun Teku,

Assalamu alaikum. Ina gaida ki, ina gaida mahaifiyarki a unguwar Mount Hope. Na rubuta da Hausa don na san kina ji sarai, ko da da Turanci za ki amsa. Na kuma fito da wannan wasiƙa fili ne saboda wasiƙu biyu na aiko ofishinki, shiru.

Shekara huɗu ke nan ina haɗiye wannan magana.

Na farko. Da digirina biyu na zo ƙasar nan, aka ce ba su isa ba, aka ba ni wankin kwalabe. Na karɓa. Daga baya aka gane idona ya fi na ɗalibansu, sai aka zaunar da ni gaban madubin ƙara girma. Shekara ashirin da uku ina tsince tsutsotsi daga lakar da jirgi ke ɗebowa a ƙasan teku. Sunana bai taɓa hawa takardun binciken da ake wallafawa ba. Wannan na yafe.

Na biyu. A kan kantar ƙasa ta ɗakin binciken, a da akwai kwalba arba'in da biyu, lakar da aka ɗebo tun kafin rijiyar mai ta fashe a wannan yanki na teku. Wata uku da ritayata aka kwashe su zuwa shara, wai kwamfuta ba ta san da su ba. Ba ta san da su ba don da fensir na rubuta lambobinsu, na jefa takardar cikin kwalbar, kamar yadda aka koya mana, domin tawada narkewa take a ruwan maganin da ke hana tsutsotsin ruɓewa. Babu wanda ya ɗaga kwalba ɗaya ya duba a haske. Ke kika sa hannu a takardar izini.

'Yata, ni na koya miki riƙe hantsaki. Ranar da kika zama dakta na yi ta nuna hotonki a masallacin Harlem har aka fara yi mini dariya. Ba zan iya yin fushi da ke ba, na gwada. Amma yanzu kuna auna ɓarnar da mai ya yi wa halittun wurin, da me za ku kwatanta?

Na uku. Na ji za ku koma sabon gini ƙarshen wata. Littattafaina tara da na rubuta bayanan tsutsotsin suna cikin durowar ƙarfe, bayan firiza. Kada su bi kwalaben. A ɗauki hoton kowane shafi. Idan rubutuna ya gagari yaranki, jirgin ƙasa ɗaya ne tsakaninmu, zan zo in karanta musu kyauta.

Allah Ya ƙara miki ɗaukaka, Ya tsare ki a kan ruwa da tudu, Ya ba ki masu faɗa miki gaskiya.

A kwalba ta goma sha bakwai akwai wata tsutsa ja mai gashi a baya, wadda ban samu a kowane littafi ba. Guda uku ne kawai. Ban kai ga zana ta ba.

Wassalam.

Kawunki,
Ilyasu, University Heights