Ranar da Malamar Sadiq ta Yi Kuka

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina so in ba ki labarin jikanki Sadiq, wanda Allah bai nufa kin gan shi ba.

Yana aji huɗu a nan garin Gaithersburg, a ƙasar Turawa. Dogo ne kamar Baba, ga yawan tambaya irin naki. Malamarsu Baturiya ce mai fara'a. Amma kusan kullum sai ta fitar da shi daga aji, wai yana ba ta tsoro idan ya yi gardama. Yaro ɗan shekara tara, Inna! Abokinsa farar fata ya fi shi baki, shi kuwa yabonsa take yi, wai yana da ƙarfin hali.

Wata safiya a mota ya ce mini ya daina ɗaga hannu a aji, don kada malama ta tsorata.

Na je na same ta, na faɗa mata abin da na gani cikin ladabi. Sai ta fashe da kuka, tana cewa ita ba ta ma ganin launin fata. Kafin in ankara na miƙa mata hankici, har na buɗe baki zan ba ta haƙuri. Sai na tuno ki a ofishin hedimasta a Zariya, ranar da aka doke ni ba laifi, kina cewa, "Ban zo a ji daɗina ba, saboda 'yata na zo." Na kama bakina. Na bari ta gama, sannan na maimaita maganata daga farko.

Ba mu sake magana ba sai ƙarshen zango, da ta kira ni. Ta ce ta sa wa kanta ido, ta ga yaran da take kora kusan duk baƙaƙe ne. Wannan karon ba kuka. Tambayata ta yi me za ta gyara.

Na ji sanyi, amma ba duka ba. Ina tuna maƙwabciyata 'yar Kumasi, mai aikin kula da tsofaffi, wadda ba ta da sararin zuwa makaranta ta tsaya wa nata ɗan. Na ce mata duk ranar da aka kira ta, ni zan je.

Ina kewarki, Inna. Allah ya haskaka kabarinki, ya yafe miki, ya tsare mana yaran nan a ƙasar mutane. Amin.

'Yarki,
Bilkisu