Waƙar Nna Ba Ta Cikin Waya

Baba,

Assalamu alaikum. Allah Ya yalwata maka makwanci. Na san takardar nan ba za ta taɓa zuwa hannunka ba, amma in ban amayar maka da abin da ke cikina ba zuciyata fashewa za ta yi. Yau gidanka na Sauka Kahuta saura ƙiris ya kama da wuta, kuma a kan faya-fayan garmahonka ne.

Bari in fara da Nna, don na san ita za ka fara tambaya. Tun da aka watse daga zaman makoki matarka ba ta cin abin kirki. Ta rame, zanen takaba sai ya zagaye ta sau biyu. Ba ta kuka, ba ta magana, sai gunaguni take da hanci, waƙar nan taku, wadda kake sa mata duk Asabar bayan ka gama wahalar da mu da tambayoyinka.

Ka tuna tambayoyin? Da la'asar ka shimfiɗa tabarma, ka fito da ƙaramin akwatin nan mai batir da ka saya tun kana reluwe, ka ɗora allura a kan faifai, kafin mutum ya haɗiye yawu ka ɗage. Wace ƙungiya ce? Mai siririyar muryar nan mace ce ko namiji? Wane ne ya fara rera waƙa a coci kafin ya koma kiɗan sol? A wace ƙungiyar rok ce mai ganga ne yake waƙar? Wace waƙa aka jefar a bayan faifai, ta zo ta fi ta gaba tashe? Duk wanda ya ci, ladansa shi ne ya ɗaga allura da hannunsa ya juya faifan. Yaya Sani ne kullum yake ci. Ban taɓa gaya maka ba, amma wallahi kishi kamar ya kashe ni, har bayan ɗaki nake zagayawa in yi kukana. Duk da haka babu ranar da nake ɗoki irin Asabar, ko bayan an kai ni Barkin Sale da aure.

To, Yaya Sanin nan ne ya ce faya-fayan su bar gidan. Ya ce kiɗa nauyi ne a kanka inda kake, ya ce duk wanda ya saurara kai ake rubuta wa zunubin, ya ce mai takaba ba ta da haɗi da garmaho. Ba mugunta ba ce, Baba, tsoro yake ji maka, na gani a idonsa. Amma ka san bakina. Na ce masa shi da ya fi kowa haddace sunayen masu jita yau shi ne mai wa'azi? Muka yi ta sa-in-sa a tsakar gida har maƙwabta suka leƙo ta katanga. A ƙarshe ya ce in dai waƙar Nna ce damuwata, babu abin da babu a waya, in nemo mata in bar shi ya yi abin da ya dace. Ya ce ranar Asabar mai kura zai zo daga Kpakungu, irin masu sayen gwangwan, ya kwashe kwalayen da akwatin gaba ɗaya.

Kai ma da laifinka. Me ya hana ka faɗi kalma ɗaya a kan kayan nan kafin ka tafi? Gona ka yi magana, keken ɗinki ka yi magana, abin da ka fi so a duniya ka bar mu muna cin naman juna a kansa. Ina jin haushinka, kuma ina jin kunyar haushin.

Na bi maganar Yaya. Na duba sunan da ke jikin faifan, takardar ta koɗe amma ana iya karantawa, na nemo waƙar a waya na kai wa Nna ɗaki. Baba, ikon Allah! Muryar mace ce ta fito, siririya, da kiɗa mai sauri irin na rawa. Mu kuwa tun muna yara ƙaton namiji muka sani, mai murya kamar daga cikin randa, yana jan kalma a hankali kamar wanda ba ya son rabuwa. Nna ta ture wayar ta ce ba shi ba ne. Na sake nema, na sake, duk matar ce. Sai na buɗe akwatin na duba ɗan makunnin gudu. Faifan ƙarami ne, na arba'in da biyar, makunnin kuwa yana kan talatin da uku, gudun manyan faya-fayai. Ashe duk rayuwarmu mace muke saurare, ka rage mata gudu ta koma namiji.

Kai fa! Kai da kake kama mutum in ya kuskure sunan mai busa ƙaho? Na ce a raina ashe sarkin tambaya ma yana da tasa ɓarakar. Na faɗa wa Nna haka, don in ga ko za ta yi murmushi.

Ba ta yi ba, amma ta yi magana, doguwar magana ta farko tun tafiyarka. Ta ce lokacin da kake zuwa zance gidansu, kakarta da ta zo da ita daga Bida ba ta son ɗan reluwe mai yawo da akwatin kiɗa. Tsohuwar ta kafa doka: ka sa faifai ɗaya, in ya ƙare ka ɗau takalminka. Ƙaramin faifai kuwa nan da nan ya ƙare. Sai ka mai da makunnin baya, waƙar ta ƙara tsawo, ka samu ɗan ƙarin zama kusa da ita. Ta ce ta gane tun ranar farko, kuma ba wanda ya taɓa ɗaga maganar a cikinku. Haba, Baba. Tambayoyi nawa ka yi mana, ka ɓoye wadda ta fi duka?

Daga nan na san waƙar Nna babu ita a waya, babu ita a ko'ina a duniya sai a kan faifan nan da akwatin nan. In suka hau kura, ta tafi ke nan. Na kira Yaya in yi masa bayani, yana jin na ambaci faifai ya kashe. Na yi tunanin in naɗe akwatin a zane in hau keke napep in kai gidana, amma ka san shi, zai biyo ni, kuma ba zan so mijina da yayana su tsaya a ƙofa suna nuna wa juna yatsa ba.

Yau Asabar. Da la'asar suka iso, Yaya da mai kurar. Aka fara fitar da kwalaye ina tsaye, na cije leɓe don Nna ta roƙe ni kada in tanka. Da Yaya ya zo kan akwatin sai ya tarar babu shi a ɗakinka. Yana ɗakin Nna, a kan tabarma, ta sa sabon batir. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ta yi wa Allah ta ba shi. Ta ce ta ji, shi ne babba yanzu, amma ya bari faifan ya ƙare tukuna, ko kakarta mai zafi tana barin faifai ya ƙare. Ta ɗora allura.

Muryar nan ta cika gidan. Ban taɓa jin tsawonta irin yau ba. Mai kura yana ta ƙwala sallama daga waje, yana cewa oga lokaci yana tafiya. Yaya ya juya baya, jijiyar wuyansa ta tashi. Ni kuwa da bakina na gaya masa labarin makunnin, ban damu ko yana so ko ba ya so ba. Bai waiwayo ba.

Waƙar ta ƙare, allura ta kai tsakiya tana ta zagaye, ƙas, ƙas, ƙas. Ka tuna kai ne ka koya mana cewa irin akwatin nan ba ya tsayawa da kansa? Nna ta naɗe hannu. Ta ce ita ba za ta ɗaga ba, duk gidan nan mutum ɗaya ne ya saba ɗagawa, ya zo ya ɗaga.

Baba, sai Yaya ya juyo. Ya cire takalmi ya shigo, ya durƙusa. Na ga yatsunsa biyu sun kama hannun allurar daidai yadda ka nuna masa, ya ɗaga, ya hura mata iska kamar yadda kake yi. Ya daɗe a haka, hawaye yana bin gemunsa. Na ce shi ke nan, zai rufe akwatin. Sai ya mai da allurar farkon faifan, ya miƙe ya fita, ko kallonmu bai yi ba.

Sauran kwalayen sun tafi. Ban iya ceto su ba, kuma zan daɗe ban daina jin ciwon ganin su a kan kura tare da tsofaffin tukwane ba. Yaya bai yi mini sallama ba, ban san yaushe za mu sake magana ba. Amma akwatin yana nan, faifan yana nan, kuma Nna ta ce in ɗumama mata tuwo.

Ban san wanda ya fi gaskiya tsakanina da Yaya ba. Ina roƙon Allah in akwai nauyi a cikin wannan Ya sauke maka, Shi ne Mai rahama. Makunnin yana inda ka bar shi, babu wanda zai taɓa.

Sai mun zo, Baba. Allah Ya jiƙanka.

'Yarka Rakiya,
wadda ba ta taɓa ci ba ko sau ɗaya.