Jiya Ma Ka Kashe Shi

Zuwa ga babbar 'yata,

Mamanku ta yi magana! Yau da safe, da bakinta, kalma biyar cif, kuma duk biyar ɗin faɗa ta yi mini.

Yi haƙuri, na tsallake gaisuwa kamar marar tarbiyya. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangijinmu. Yaya maigidanki da aiki? Yaya jikokina? Tarin amaryata ƙarama ya lafa? Ki gaya mata angonta na nan, saura haƙori shida. Ban kira ki a waya ba don na san kuka zai riga ni magana. Kuma ban yi shekara uku a kan bencin yara a ajin yamma, da furfurata, don biro ya bushe a aljihuna ba.

Wata takwas ke nan tun ranar da ta faɗi a bakin famfo, ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshe ya bi shi. Kin san wannan. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda muke yin safiyarmu. In na wanke ta, na ba ta shayi da cokali, sai in tura kujerarta bakin taga, kusa da tsohon teburin aikina, in buɗe Littafi Mai Tsarki in karanta mata, yatsana na bin layi.

Ba daga bango zuwa bango nake yi ba. Ranar da muka gama aji malaminmu ya ba ni wata takarda mai jerin karatu bisa yadda abubuwan suka faru, na farko a farko, na baya a baya. Yau kana wannan littafi, gobe takarda ta jefa ka can gaba, jibi ta dawo da kai. Na fere 'yan siraran katako ina saƙalawa don kada in ɓata. Lokacin da take da lafiya mamanku ta ƙi takardar nan ƙememe. Ita ba ta san ko baƙi ɗaya ba, amma shekara arba'in a bencin gaba a coci sun zuba mata labaran duka a ka. Cewa ta yi ɗan makarantar da ya koyi karatu jiya zai jera wa Allah littafinsa kamar yadda yake jera katako. Na ninke takardar na ajiye don a zauna lafiya. Sai da shirun gidan nan ya fi ƙarfina na ɗauko ta.

Ba zan ɓoye miki ba, da biyu na fara. So nake ta ji haushi. Da takarda ta kawo Ayuba tun kafin a haifi Ibrahim, na ɗaga kai ina jiran tsaki. Ko gira ba ta motsa ba. Muka ƙetare teku, muka sha yawon jeji, idonta na kan labule. Akwai safiyar da na rufe littafin na shiga banɗaki na yi kuka, don na fara zaton da bango nake magana.

To, jiya muka kai ƙarshen littafin Sama'ila na fari, inda sarki Saul ya mutu a bakin daga. Yau takarda ta tura ni littafin Tarihi. Mai karatu da yatsa kalma yake gani, labarin yakan wuce shi. Ina ta fama da sunayen garuruwa sai na ji wani sauti kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba. Na zaci mamanku ta ƙware. Na juyo, sai ga idonta a kaina, irin kallon da take mini in na shigo da takalmi ɗaki. Ta ce, "Jiya ma ka kashe shi."

Na koma baya na duba. Gaskiyarta. Littattafai biyu ne suka ba da labarin mutuwa ɗaya, takarda ta haɗa su ƙafa da ƙafa. Ni mai tabarau da satifiket ban lura ba. Ashe tun daga littafin Farawa tana tare da ni, ba ta yi fashi ko rana ɗaya ba.

Yanzu ga roƙona. Na san shawarar da kuka yanke ke da ƙaninki, cewa ƙarshen wata za ku zo ku ɗauke ta zuwa gidanki, ni in koma wurinsa. Ban ga laifinku ba. Kun ji labarin ranar da na ɗaga ta muka zube tare, muka kwanta a ƙasa har maƙwabciya ta ji bugun da nake yi wa bango. Amma ku dakata mini. Kada ku raba mu muna tsakiyar labari.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Ni ne mahaifinki.

*

'Yata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kuna lafiya kamar yadda muke. Na gode da man shafawar da kika aiko, ya iso.

Ranar da kika kira kika ce a sa mata waya a kunne, minti goma kina "Mama, Mama," ba ta ce uffan ba. Na ji yadda muryarki ta sauya da kika dawo kaina, kika koma lallashina kamar yaro. Ƙaninki kuwa bai iya kwana-kwana ba, cewa ya yi kaɗaici na sa tsoho jin abin da yake so ya ji. Na yi fushi kwana ɗaya. Kwana na biyu na fara tambayar kaina ko shi ne mai gaskiya.

Nan na yi abin kunya. Na kira maƙwabciya ta zauna ta zama shaida, na ajiye takarda gefe, na sake kashe Saul karo na uku, da ƙarfi, ina leƙen fuskar mamanku. Ta dube ni, ta dubi maƙwabciya, ta juya fuskarta bango. Yinin ranar ta ƙi karɓar cokali daga hannuna. Shekara arba'in da bakwai ban taɓa cin nasarar yi mata wayo ba, ban san me ya sa na zaci zan fara yanzu ba. Na durƙusa gaban kujerarta na ba ta haƙuri. Na ce ko za ku ɗauke ta gobe, ba zan ƙara mai da ita abin kallo ba. Muka koma kan takarda, inda takardar ta ce nan muke zuwa.

Shekaranjiya nas ɗin da ke zuwa motsa mata hannu ta yi sammako, ta same mu ba mu gama ba. Ta ce in ci gaba, ita za ta fara aikinta. Muna wurin da ake ɗauko akwatin alkawari a kan keken shanu, wani bawan Allah ya kai hannu ya tare, ya faɗi matacce. Ina kaiwa nan mamanku ta ce, "Shi ma?" Sai ta yi dariya. Rabin bakinta ne ya yi dariyar, amma ita ce, dariyar da kuka sani. Ashe shi ma mun binne shi a ɗaya littafin. Nas ta saki kwalbar mai a ƙasa. Kafin ta tafi sai da ta sa mamanku ta ce "ruwa," ta ce "bari," ta kuma kira ni ɗan makaranta.

Jiya muka ga likita. Ya ce duk abin da muke yi a bakin tagar nan kada mu fasa, kuma sauya mata wuri yanzu ba alheri ba ne. Ya rubuta, na sa takardarsa cikin ambulan ɗin nan don ƙaninki. Ni ma na sauko daga dokin girman kai: ku nemo mai taya ni ɗaga ta safe da yamma, ba zan ƙara cewa na isa ni kaɗai ba.

Ranar da kuka sa ta ƙarshen wata kada ku soke ta. Ku zo, amma ba da akwatin kwasar kaya ba. Ki zo da maigidanki da yara duka, ki taso ƙaninki da matarsa a gaba. Na gaya wa fasto, na gaya wa matan zumunta, har malamin ajinmu na aika masa. Ban yi muku alkawarin za ta yi magana ba, ita ke da bakinta. Amma na leƙa gaban takarda, sarakuna na nan birjik masu mutuwa sau bibbiyu. Can gaba kuma akwai inda mutum huɗu za su ba da labari ɗaya, ban san inda zan ɓuya ba ranar.

Da hantsi muke farawa. Tsofaffin bencina na nan, da hannuna na yi su, za su ɗauke ku duka. Ku zo ku gani da idonku.

Ni ne mahaifinku, ɗan makaranta.